Sabo Turken Wawa: Abin da Ke Juya Cimarmu a Unguwar Gano

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa ganin likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke bakin titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, ya san yadda zancen yake ƙarewa. An auna jini, an ga ya hau. Likita ya rubuta magani, ya ɗora da nasiha: a rage gishiri, a rage maiƙo, a bar lemon kwalba, a riƙa taka ƙasa da ƙafa. Mara lafiya ya gyaɗa kai ya ce in sha Allahu, kuma har cikin zuciyarsa yake faɗa. Kwana uku ana ware masa tasa tukunyar, miya lami, shayi ba sukari. Ran na huɗu aka yi suna a maƙwabta. Ran na bakwai ya koma bencin mai shayin da yake zama tun yana saurayi, kafin ya buɗe baki an miƙo masa haɗin kauri, don mai shayin ya fi shi sanin abin da yake sha. Bayan wata guda, in ban da ƙwayar maganin da ke aljihunsa, babu abin da ya sauya.

Hukuncin da muka saba yankewa irin wannan bawan Allah guda uku ne: ko mu ce taurin kai gare shi, ko kwaɗayi, ko rashin sani. Na ƙarshen ma ya fi saurin faɗuwa. Shiga kowane lungu a Unguwar Gano, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Tarauni, ka tambayi uwar 'ya'ya tsakanin kwaɗon zogale da indomi wanne ya fi amfani a jiki, ba za ta yi kuskure ba. Gidajen rediyon Kano ba su gajiya da shirye-shiryen lafiya, ga kemis a kowace kwana, ga babban asibiti a maƙwabtaka. Sani yana nan. Abin tambaya shi ne, me ke shiga tsakanin abin da kai ya sani da abin da hannu yake kaiwa baki? Amsar tana cikin abubuwa biyar: sabo, harshe, jama'a, aljihu da yadda muke kallon gobe.

Hannu yana da nasa tunanin

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa ba kowane aiki ne mutum yake zama ya yanke shawara a kansa ba. Wata farfesa a Amurka, Wendy Wood, da abokan aikinta sun sa mutane suna rubuta abin da suke yi sa'a bayan sa'a. Sakamakon da suka fitar a 2002 ya nuna har kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan yini maimaici ne, ana yin su a wuri ɗaya kusan kullum, hankali kuma yana can wata duniya. A 2011 suka sake wani gwaji: suka raba gugguru ga masu kallon fim, wasu sabon suya, wasu wanda ya kwana bakwai ya yi laushi. Waɗanda suka saba cin gugguru a gidan kallo sun ci tsohon kamar yadda suka ci sabon. Da aka mai da gwajin ɗakin taro, inda ba su saba cinsa ba, sai suka fara ƙin tsohon. Ashe wurin ne yake ba da umarni, harshe bi kawai yake yi.

To, mu dawo gida. Mutum ya sallame sallar isha'i, ƙafarsa da kanta ta san hanyar majalisa. Majalisa kuwa ba ta rabuwa da mai shayi ko mai tsire a gefe. Yaro ya dawo daga Islamiyya, ya san inda mai awara take zama. Uwargida ta sauke sanwa, hannunta ya kai ga ledar magi ba tare da ta ƙirga ba. Babu wanda ya tashi da niyyar cutar da kansa a cikinsu. Lokaci ne da wuri da fuskokin da aka saba gani suke tayar da aikin, kamar yadda kiran salla yake tayar da mai alwala.

Shi ya sa ɗaukar alwashi da dare ba ya kai wa ko'ina. Phillippa Lally ta wata jami'a a Landan ta bi mutum 96 tsawon mako 12, kowa ya zaɓi sabuwar ɗabi'a guda, kamar cin 'ya'yan itace da rana ko tafiya bayan karin kumallo. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne. Wani ya samu a kwana 18, wani kuwa lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254. Abin da ya fi kwantar da rai a binciken shi ne, tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Mu kuwa da zarar mutum ya karya doka ranar biki, sai ya ce shi ke nan an ɓata, ya koma gidan jiya gaba ɗaya.

Daɗi yau, ciwo sai an jima

Zuciyar ɗan Adam tana ba abin da ke gabanta nauyin da ya fi na abin da ke nesa. Daɗin balangu yanzu ne, a kan harshe. Shanyewar ɓarin jiki kuwa, in za ta zo, sai bayan shekara goma sha biyar. Hawan jini ma ba ya sallama: mutum na iya ɗauke da shi shekaru yana harkarsa garau. Nazarce-nazarce sun nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a Najeriya yana da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Yaya za a yi mutum ya bar abin da yake jin daɗinsa saboda ciwon da ba ya jin zafinsa?

Akwai wata shaida a tsakaninmu da ke tabbatar da wannan. Ka ce wa magidanci ya rage zaƙi saboda ciwon suga, zai ce Allah Ya kiyaye, ya ci gaba da kurɓar abinsa. Amma bari mai maganin gargajiya ya ɗaga lasifika a tashar Unguwa Uku ya ce zaƙi ne ke kawo basir da sanyin jiki ga maza, ran nan za ka ji an ce wa mai shayi, “Malam, yau ruwan bunu za ka ba ni.” Ko maganar mai maganin ta inganta ko ba ta inganta ba, ya fi likita sanin inda zai taɓa: ya kawo barazanar kusa, ya ɗaura ta a kan abin da namiji yake tattali a daren yau. Darasin da ke nan ga masu wa'azin lafiya shi ne su riƙa nuna ribar kusa, kuma ta gaskiya: wanda ya rage tuwon dare zai fi jin sauƙin tashi asuba, wanda ya rage teɓa gwiwarsa za ta fi ɗaukar tsayuwar tarawihi.

Harshe ɗalibi ne

Kakanninmu da daddawa suka san miya, da kanwa, da tattasai da ɗan gishiri. Dunƙulen magi, wanda asalinsa daga Suwizalan ne, ya shigo ya mamaye madafi har sunansa ya zama sunan duk wani ɗanɗano. Kusan rabin nauyin irin wannan dunƙule gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato cokalin shayi ɗaya da bai cika ba, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi, da yajin tsire, da ɗan ƙullin da ke cikin ledar indomi. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida, aka bi da farin magi, aka ƙara gishiri, ta gama da rabon mutanen gida tun kafin a zo ga yaji.

Haka sukari. Shawarar hukumar ita ce kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, wajen cokalin shayi 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Ƙaramar kwalbar lemo guda tana ɗauke da abin da ya kai cokali tara. A haɗa da kokon safe, da zoɓon rana, da shayin dare mai madarar gwangwani. Abin sha mai zaƙi kuma yana da wata illa ta daban: ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna, don haka ba ya rage wani abin kirki daga abincin da za a ci bayansa.

Abincin masana'anta an tsara shi ne don ya wuce maƙogwaro da sauri. A 2019 wani mai bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a asibiti wata guda. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma na gida da ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum, suka ƙara kusan kilo guda, a ɗaya ɓangaren kuma suka sauke kwatankwacinsa. Mutanen ba su sauya hali ba, abin da ke cikin faranti ne ya sauya.

Sai dai harshe yana koyo, yana kuma mantuwa. An gwada an gani cewa wanda ya rage gishiri, cikin 'yan watanni miyar da ya saba ci a da sai ta riƙa yi masa zartsi. A Birtaniya an rage gishirin burodi da kusan kashi 20 cikin 100 tsakanin 2001 da 2011, kaɗan-kaɗan, mutane suka ci gaba da sayen burodinsu. Matar da ta zare dunƙule ɗaya daga cikin shida ta cike gurbin da daddawa da albasa da citta, babu wanda zai ɗaga kai daga kwano. Wadda ta zare shida rana ɗaya kuwa, ranar za a yi shari'a. Yara ma haka: sau da yawa sai an gabatar musu da sabon abinci sau goma ko fiye kafin su karɓa. Uwar da ta ba yaro alayyahu sau biyu ya tofar, ta ce ba ya so, ta yi saurin sallama.

Ba ka ci kai kaɗai

Bahaushe ba ya ɗaukar abinci a matsayin abin cika ciki kawai. Da shi ake girmama baƙo, da shi ake auna zumunci, da shi ake gane gidan da ke da albarka. Ka je gaishe da gwaggonka a Darmanawa, ta ajiye maka kula shaƙe da shinkafa, ka ci rabi ka tsame hannu, za ka ji: “Haba ɗan nan, me ka ci a nan? Ko girkin namu ne bai yi maka ba?” Wa zai iya cewa a'a a wannan wuri? Kunya ta fi likita ƙarfi.

Bincike ya nuna mutane sun fi cin abinci da yawa cikin jama'a, kuma yawan yana ƙaruwa gwargwadon yawan waɗanda ake ci tare da su. Girman abin da aka zuba ma yana da nasa tasirin. Wata mai bincike, Barbara Rolls, ta nuna a 2002 cewa da aka ninka abin da ake zuba wa mutane, sun ci ƙarin kusan kashi 30 cikin 100, ba su kuma ce sun fi ƙoshi ba. Ido ne ke yanke hukunci kafin ciki. A ciyayya, inda kowa yake fito da kwanonsa ƙofar gida a haɗu, ba ka ma san malmala nawa ta wuce ba, ana hira ana santi. A 2007 Nicholas Christakis da James Fowler sun duba bayanan mutum fiye da 12,000 na garin Framingham na tsawon shekara 32, suka ga wanda abokinsa ya yi ƙiba mai yawa, yiwuwar shi ma ya yi ƙibar ta ƙaru da kashi 57 cikin 100. Masana sun yi ta muhawara a kan dalilin, amma Bahaushe ya riga ya faɗa: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sannan ga ma'anar da muka ba jiki. Wanda ya ajiye tumbi sai a ce ya samu, wanda ya rame a fara tambayar ko lafiya. Amarya in ba ta murje ba bayan wata uku, dangi su fara zargin miji. Wannan ne ya buɗe kasuwar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu magungunan asibiti ne masu ƙarfi, da kan kumbura jiki su jawo hawan jini da ciwon suga in an sha su ba bisa ƙa'ida ba. Mun kuma raba abinci gida biyu: na masu hali da na talaka. Tuwon dawa, dambu, fate, rama, tafasa da ɗanwake sun faɗa kashi na biyu, farar shinkafa da soyayyen kaza da lemon kwalba suka hau kujerar girma. Sai ga shi Alhajin da ya guji dawa shekara talatin, likita ya mai da shi kanta, yana aike kasuwar Dawanau a nemo masa acca da tsada.

Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi a ɗakin likita. Maigida ake yi wa nasiha, alhali ba shi ke riƙe da ludayi ba. Ita kuwa mai girkin, darajarta a idon miji da danginsa tana rataye da ɗanɗanon miyarta, balle in akwai abokiyar zama da za a kwatanta. Matar da ta san gobe girkin wata ne, da wuya ta yarda tata miyar ta zama lami. Muddin maigida bai buɗe baki ya ce, a gaban kowa, shi ne ya nemi a rage kuma haka yake so ba, to magi da mai ba za su ragu ba. Shi ke cefane, ita ke girki, gyara ba ya yiwuwa sai da su biyun.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Duk wannan bayani zai zama zancen ƙoshi in ba a ambaci aljihu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Magidancin da ke neman abin da zai kai yara gobe ba ya tambayar giram nawa ne. Wake ya fi taliya amfani, amma yana cin gawayi ko gas da lokaci, taliya kuwa minti goma ta nuna. Shawarar cin giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini daidai take, sai dai wanda ya bayar da ita ba shi ke zuwa kasuwar Tarauni da kuɗin cefane ba.

Rashi ba aljihu kaɗai yake taɓawa ba, har tunani yake cinyewa. A binciken da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokansu suka wallafa a 2013, an gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya kafin girbi, lokacin da hannunsu ya bushe, da kuma bayan girbi. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma sun fi kasawa a gwajin kafin girbi. Wanda kansa ya cika da kuɗin haya da na makaranta ba shi da sauran wurin ajiye lissafin sukari. Damuwa kuma tana tura mutum ga zaƙi da maiƙo, don su ne hutu mafi araha.

A gida ɗaya za ka iya samun uba mai hawan jini da yaron da bai samu abin gina jiki ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Don haka cin lafiya a Unguwar Gano ba ragewa kawai yake nufi ba. Ga wasu ƙarawa ne: ƙuli-ƙuli a kwaɗo, garin waken suya a kunun yaro, ƙwai ko da sau biyu a mako. Abin farin ciki shi ne, da yawa daga abin da ya fi amfani bai fi ƙwalama tsada ba. Kuɗin lemon kwalba ɗaya zai sayi yalo ko yankan kankana ko ƙullin zogale. Kayan marmari a lokacinsu, mangwaro da bazara, gwaiba da kabewa da kaka, su ne mafi sauƙi.

Ƙafa da barci

Iyayenmu mata sun yi daka da surfe da niƙa da jan ruwa, maza sun yi noma da tafiyar ƙasa. Yau inji ya karɓi turmi, adaidaita sahu ta karɓi ƙafa. Ba wanda zai yi kukan rabuwa da wahala, amma jiki bai san an yi ci gaba ba, har yanzu yana neman motsinsa. Ma'aunin da aka bayar shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke ɗan ɗaga numfashi, wato rabin sa'a sau biyar. Matsalar ita ce tafiya a ƙafa ta zama alamar rashi. Mutum ya gwammace ya ci bashin kuɗin mota da a gan shi yana taka titin Kotu da rana. Mace kuwa, in ba unguwa za ta ba, ba ta da dalilin fita da mutane za su karɓa. Amma masallacin da ya ɗan fi nisa, da raka yara makaranta, da zagayen tsakar gida bayan la'asar, duk suna shiga lissafi.

Barci ma yana da hannu a cikin kwano. A wani gwaji a Jami'ar Shikago a 2004, samari 12 da aka taƙaita wa barci zuwa sa'a huɗu dare biyu a jere, sinadarin da ke tayar da yunwa ya hau a jikinsu, mai sanar da ƙoshi ya sauka, kuma abin da suka fi marmari shi ne zaƙi da kayan gari. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana latsa waya, ya tashi asuba, ya fita nema, kada ya yi mamakin yadda fanke yake kiransa da hantsi.

Abin da azumi yake koya mana

Mai cewa Bahaushe ba ya iya kame bakinsa bai ga Kano a Ramadan ba. Mutumin da ya kasa barin cokali ɗaya na sukari shi ne yake wuni cikin zafin rana ko ruwa bai kurɓa ba, kwana 29 ko 30. Me ya sauya? Niyya ta samu ma'ana mai girma. Doka ta fito sarai, daga alfijir zuwa faɗuwar rana, babu ciniki. Gari duka ya shiga, mai shayi ya kife tukunya, mai awara ba ta fito ba, babu gwaggon da za ta ce ƙara loma. Duk turakun da ke ɗaure mutum an tuge su lokaci guda. Ranar salla kuma aka mai da su, kowa ya koma inda yake. Ko a cikin watan ma, da an kira magariba sai a rama da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai zaƙi, har wasu su fita azumi sun fi yadda suka shiga nauyi.

Addini bai bar mu babu ma'auni ba. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta kuma hana ɓarna. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san wannan. Abin da ya rage shi ne a sauko da shi daga allo zuwa faranti.

Mafita

Tunda sabo turke ne, dabara ita ce a kafa sabon turke kusa da tsohon. Wani mai bincike, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari sake. “Zan riƙa motsa jiki” magana ce. “In na sallame asuba, zan zaga layinmu sau biyu kafin in shiga gida” shiri ne. Mu kuwa Allah Ya ba mu turaku biyar a kowace rana, ba sai mun nemi agogo ba. A ɗauki abu ɗaya tak, a riƙe shi wata biyu: cokali biyu maimakon huɗu a shayi, ko ruwa maimakon lemo a abincin rana, ko malmala ɗaya da miya mai yawa da dare. Abin da ba a so a ci kada a ajiye shi a ɗaki. In an karya ranar biki, washegari a ɗora daga inda aka tsaya.

Kada a raina ƙaramin gyara. A wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2002, mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka taimaka musu su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwaya. Wannan ba yana nufin mai shan magani ya ajiye ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ci gaba da maganinsa, ya kuma nemi shawarar likitansa kafin azumi ko wani babban sauyin cima.

Sai dai mutum ɗaya ba ya ja da unguwa. A yankin Karelia ta Arewa a ƙasar Finlan, inda ciwon zuciya yake kashe maza da ƙuruciyarsu, shirin da Pekka Puska ya jagoranta daga 1972 bai tsaya ga wa'azi ba. Ya shiga ƙungiyoyin matan gida, da shaguna, da masu sarrafa abinci, da makarantu. Cikin shekara arba'in mutuwar ciwon zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Mu ma muna da namu hanyoyin: limamin Juma'a, malamar Islamiyyar matan aure, mai unguwa, shugaban majalisa, da mai shayin da zai iya tambaya “cokali nawa?” kafin ya zuba. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da gwamnatin tarayya ta fara karɓa a 2022 bai kai ya sauya ciniki ba, amma ƙaramar hukuma tana iya abin da ya fi shi kusa: awon jini kyauta a harabar masallatai, gefen titi da za a iya takawa, da lura da abin da ake sayar wa yara a ƙofar makaranta.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira ranar da za a rubuta maka a takardar asibiti. Je ka a auna jininka a wannan makon. In ka dawo, ku zauna da mai ɗakinka ku ƙirga dunƙulen da ke shiga tukunya, ku zare ɗaya. Ka kuma gaya wa abokan majalisa abin da ka ƙudurta, don su daina yi maka tayin abin da ka bari. Lafiya uwar jiki ce, kuma a tukunyar gida ake fara nemanta.